Shan-inna: Daga Ina Ta Fito, Kuma Don Me Har Yanzu Ake Bin Gida-gida Da Ɗigo?

Takardu uku ne suka iso mana a kan magana guda, don haka muka ga ya fi dacewa mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya. Wani malami daga Funtuwa yana son a ba shi tarihin cutar shan-inna da illolinta. Wani bawan Allah daga zangon Kumasi yana tambaya ko gaskiya ne cutar Turawa ce, su suka kawo mana ita. Sai kuma wata baiwar Allah daga Maraɗi, mai 'ya'ya huɗu, wadda ta ce ta ji a rediyo an kawar da cutar daga Afirka, to don me har yanzu ake ƙwanƙwasa mata ƙofa a ce za a ɗiga wa yaranta magani? Ta ce sai ta ji amsarmu kafin ta sake buɗe ƙofar. To Hajiya, ki biyo mu a hankali, domin amsarki tana cikin tarihin da Malam na Funtuwa ya nema.

Bari mu fara da sunan. Bahaushe ya ce shan-inna ne saboda a wurin mutanen da, musamman 'yan bori, Inna wata aljana ce babba, wadda wasu ke kira Doguwa, wasu kuma Bafilatana. Suka ce idan ta yi fushi da gida sai ta kama yaro ta shanye masa ƙafa ko hannu. Kada ka yi saurin yi wa kakanninmu dariya, domin sun lura da kyau. Yaro ne yana wasansa lafiya lau, ya yi zazzaɓi na kwana biyu ko uku, a wayi gari ƙafa ta saki kamar tsumma, daga nan ta yi ta ƙanƙancewa sai ka ce ana zuƙe ta. Kuma a unguwa guda mai yara ɗari, shi kaɗai abin ya samu. Duk mai hankali zai ce zaɓensa aka yi. Abin da ya ɓuya musu, wanda su ma likitocin Turai sai da suka daɗe kafin su gane, shi ne sauran yaran unguwar ma cutar ta shige su, ba ta dai nuna ba ne.

Ga yadda abin yake. Wata ƙwayar cuta ce 'yar mitsitsiya, daga cikin irin waɗanda ake kira bairas, kuma iri uku ce. Ta baki take shiga, ta hanyar ruwa ko abinci ko hannun da ya taɓa bayan gidan mai ɗauke da ita. Sai ta zauna a maƙogwaro da hanji ta yi ta hayayyafa, tana fita cikin bayan gida har tsawon makonni. A cikin yara 200 da ta shiga, kimanin 140 ko ciwon kai ba za su yi ba. Mafi yawan ragowar za su yi ɗan zazzaɓi da amai da ciwon jiki, a ce shawara ce ko haƙora, su warware. A bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗaya ne tak cikin 200 ɗin nan ƙwayar za ta kai ga lakar gadon bayansa, ta kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi. Shi ya sa ƙafar mai shan-inna tana jin zafi, tana jin taɓi, motsin ne kawai babu. Daga cikin waɗanda abin ya shanye, biyar zuwa goma cikin ɗari sukan rasu idan ya taɓa tsokar numfashi. Kuma har yau ba a samu maganin da ke dawo da jijiyar da ta mutu ba. Wato ke nan, duk inda ka ga gurgu ɗaya sabo, ka ƙaddara akwai yara wajen ɗari biyu masu lafiya a zagayensa da ke yawo da ita, suna zuwa makarantar allo, suna bin iyayensu biki da kasuwa.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai allura ce ta shanye wa wane ƙafa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Likitoci sun tabbatar cewa idan ƙwayar tana jikin yaro, aka kuma caka masa allura a cinya ko ɗuwawu don zazzaɓin nan na farko, haɗarin shanyewar wannan ƙafar yana ƙaruwa. Wannan ko daban yake da allurar da wanda bai iya ba ke soka wa a kan jijiya. Abin lura ne ga iyayen da ba sa jin an yi wa yaro magani sai an yi allura a kemis.

Yanzu sai mu zo ga mutumin Kumasi. A'a malam, cutar ba ta Turawa ba ce, kuma mafi daɗewar shaidar da ake da ita ma a nan Afirka take. Akwai wani allon dutse na zamanin Fir'aunonin Masar, wanda aka sassaƙa kimanin shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, yana nuna wani mutum dogare da sanda, ƙafarsa ta dama ta shanye, yana taka ƙasa da 'yan yatsu. Allon yana wani gidan tarihi a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. Abin da Turawa suka yi shi ne rubuta ta a littafin likitanci. Wani likitan Ingila, Michael Underwood, ya bayyana ta a 1789, sai Jakob Heine na Jamus ya yi cikakken bayani a 1840, ya kuma yi zargin cewa matsalar daga laka take.

Abin mamakin ya faro ne a ƙarshen ƙarni na 19. Cutar da aka sani tana ɗaukar yaro ɗaya nan, ɗaya can, sai ta koma annoba, kuma ba a ƙasashen matalauta ba, a ƙasashen da suka fi kowa tsabta. A 1894 ta kama mutum 132 a jihar Vermont ta Amurka. A 1905 ta kama sama da dubu a Suwidin, kuma a nan ne wani likita mai suna Ivar Wickman ya bi ƙauye-ƙauye da makarantu yana bin sawunta, har ya gano cewa masu ɗan zazzaɓi da masu lafiya su ne ke kai ta gari-gari. Bayan shekara uku, a 1908, Karl Landsteiner da Erwin Popper a birnin Biyana suka sa wa birai ruwan lakar wani yaro da cutar ta kashe, biran suka kamu, aka tabbatar ƙwayar cuta ce. Amma sanin bai hana firgici ba. A 1916 ta faɗa wa birnin Niyok ta kashe sama da mutum 2,000, a Amurka baki ɗaya kuwa mutum 27,000 suka kamu, wajen 6,000 suka mutu. Aka rufe gidajen silima, aka hana yara fita gari sai da takardar likita, aka ɗora wa baƙi 'yan Italiya laifi, har kyanwowi dubbai aka kashe wai su ne ke yaɗa ta. Ka ga ashe in ido ya raina fata, kowa ma yana da tasa Innar.

To me ya sa tsabta ta zo da annoba? Amsar da masana suka bayar ita ce, a da kusan kowane jariri yakan haɗu da ƙwayar tun yana goye, lokacin da garkuwar da ya samo daga jikin uwarsa ba ta gama ƙarewa ba, sai ta wuce salin-alin ta bar shi da kariya har abada. Da aka samu famfo da masai na zamani, sai yara suka riƙa girma ba su haɗu da ita ba, ranar da ta zo kuwa ta same su tsirara, yara manya da samari har da magidanta. Haka ta samu Franklin Roosevelt a 1921 yana ɗan shekara 39, likitocinsa suka ce shan-inna ce, bai sake tafiya da ƙafarsa ba tare da ƙarafa da mataimaki ba, amma duk da haka sau huɗu ana zaɓensa shugaban Amurka. Shi ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar a 1938, talakawa suka riƙa aika 'yan sulallansu na santi goma-goma, da kuɗin nan aka yi binciken da ya kai ga riga-kafi.

Shekarar 1952 ita ce mafi muni. A Amurka mutum kusan 58,000 suka kamu, sama da 21,000 suka shanye, sama da 3,000 suka mutu. Ɗakunan asibiti suka cika da wata na'ura mai kama da tankin ƙarfe, wadda aka ƙera tun 1928 ake kira huhun ƙarfe, ana zura yaro ciki kansa kaɗai a waje, ita ke yi masa numfashi. A Kopenhagen kuwa na'urorin ba su isa ba, sai wani likita, Bjorn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaron maras lafiya a sa bututu, ɗaliban likitanci ɗaruruwa suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar roba da hannu don hura musu iska. Daga wannan wahala aka samo asalin ɗakin kulawa ta musamman da ke manyan asibitocinmu a yau.

Maganar riga-kafi ba za mu ja ta ba. A 1949 wasu masana uku a Boston suka gano yadda za a raini ƙwayar a cikin kwalba. Jonas Salk ya yi allura da matacciyar ƙwaya, aka gwada ta a wani gwaji da ya ƙunshi yara miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, aka ba da sanarwar nasara ranar 12 ga Afrilu 1955. Ba a rasa tuntuɓe ba, domin a wannan shekarar wani kamfani mai suna Cutter ya fitar da allurar da ƙwayarta ba ta gama mutuwa ba, yara wajen 200 suka shanye, 10 suka mutu, abin da ya sa aka tsananta dokokin binciken magani. Shi kuwa Albert Sabin da rayayyiyar ƙwaya ya yi nasa, wadda aka raunana, ana ɗigawa a baki. Da yake Amurka ta riga ta rungumi allura, sai a Tarayyar Sobiyet aka gwada nasa a kan miliyoyin mutane a 1959, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Wannan ɗigon na Sabin shi ne asalin wanda ake kawo miki gida, Hajiya. Ya fi arha, ba ya bukatar mai allura, kuma yana tsare hanji inda ƙwayar ke hayayyafa. Zuwa 1962 masu kamuwa a Amurka ba su kai dubu ɗaya a shekara ba.

Mu kuma fa a wannan lokacin? An bar mu a baya, kuma da hujjar ilimi aka bar mu. Tunda an ce cutar masu tsabta ce, sai manyan likitocin duniya suka ɗauka ba ta da wani tasiri a ƙasashe masu zafi. Ba mu da annobar da jarida za ta buga, kuma yaron da ya shanye a ƙauye ba asibiti ake kai shi ba, wurin mai magani ake kai shi, don haka ba ya shiga lissafi. A nan mutumin Kumasi zai ji daɗi, domin daga ƙasarsa aka warware wannan kuskure. Dakta Samuel Ofosu-Amaah na Jami'ar Gana da abokan aikinsa suka yi wata dabara mai sauƙi, suka nemi shugabannin makarantu su ƙirga musu guragun da ke cikin ɗalibansu. Sakamakon da suka buga a 1977 ya nuna cewa kusan yara shida cikin kowane dubu shan-inna ta gurgunta su, wato ɓarnar da take yi a Gana shiru-shiru kowace shekara ta kai wadda ta yi a Amurka lokacin da ake rufe silima. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a ƙasar Hausa ya san bai bukatar likita ya gaya masa wannan. Ƙirgawa ce kawai ba a yi ba. Aka yi irin wannan ƙirga a ƙasashe da dama, aka samu abu ɗaya.

A 1988 taron ministocin lafiya na duniya ya yanke shawarar kawar da cutar kwata-kwata kafin shekara ta 2000, kamar yadda aka yi wa agana. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Ƙungiyar Rotary ta zuba kuɗi, Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin Afirka a 1996, lokacin da ake ƙiyasin yara 75,000 ke shanyewa a nahiyar duk shekara. Wa'adin 2000 bai cika ba, amma an ci ƙarfin aikin.

Sai aka zo 2003, kuma wannan babin namu ne, ba yadda za mu tsallake shi. Jita-jita ta bazu a Arewacin Nijeriya cewa an gauraya ɗigon da maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Gaskiya ita ce zargin bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a wani bincike na yara 200, inda 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga kuma yaƙin Iraƙi ana cikinsa. Bugu da ƙari, talaka ya yi wata tambaya da har yau ba ta tsufa ba: yaro na yana zazzaɓin cizon sauro na je asibiti an ce in sayo magani, ƙyanda tana kashe mana yara, amma wannan da ban roƙa ba shi ake biyo ni da shi har ɗaki kyauta? A ganina tambaya ce ta mai hankali, kuma hukuma ta yi sakacin amsa ta. Amma wanda aka yi fushi da shi daban, wanda ya biya bashin daban.

Kano ta koma ɗigo a ƙarshen Yulin 2004, bayan kusan shekara guda, da maganin da aka sayo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi. A wannan ɗan tsakanin ƙwayar ta yi abin da ta saba, ta bi masu lafiya. Ta bi fatake da 'yan ci-rani da matafiya, ta sake ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta ratsa Chadi ta shiga Sudan, ta haye Bahar Maliya. A 2005 ta shanye yara 478 a Yaman, da 303 a ita kanta Indunisiya, wadda ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Masana sukan gane asalin ƙwaya kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa, kuma tsagar ta nuna ta Nijeriya ce. A gida kuwa, a 2006 kaɗai yara 1,122 suka shanye. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, suna nan cikinmu.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin, aka ɗauki matan unguwa da masu shan-innar kansu suna shiga gida suna magana da iyaye. Ba a yi shi a banza ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan ɗigo tara a Kano, galibinsu mata, Allah Ya jiƙansu. A 2012 Nijeriya na da 122 daga cikin 223 na duk duniya. Aka zo aka yi shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba, har aka fara murna, sai ga yara huɗu a Barno a 2016, daga yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Ashe tana can tana zagayawa ba mai gani. Bayan su ba a sake samu ba, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

To Hajiya ta Maraɗi, abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, amma akwai saura, kuma saura biyu ne. Na farko, a cikin iri ukun nan an gama da na biyu, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a Indiya a 1999, an gama da na uku, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a jihar Yobe a 2012. Na ɗaya yana nan a Pakistan da Afganistan, kuma ba ya neman biza, don an same shi a jikin wata yarinya a Malawi a 2021, da wasu yara a Mozambik a 2022, tsagarsa ta Pakistan.

Na biyu shi ne wanda ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba, mu kuwa za mu faɗa. Mun ce ɗigon rayayyiyar ƙwaya ce da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. A garin da kusan kowane yaro ya samu riga-kafi, nan take mutuwa don ba ta da wurin zuwa. Amma a garin da aka yi wa rabi aka bar rabi, sai ta riƙa tsalle daga wannan maras kariya zuwa wancan, wata da watanni, har ta rikiɗe ƙarfinta ya dawo, ta fara shanye ƙafa kamar ta asali. Wannan rikiɗaɗɗiyar ita ce ta shanye yara sama da 400 a Nijeriya a 2021, an kuma same ta a Nijar da Chadi da Kamaru. Ita ce ta gurgunta wani saurayi da ba a yi wa riga-kafi ba a jihar Niyok a 2022, da wani jariri a Gaza a 2024. Wanda take kamawa shi ne yaron da aka ɓoye a ɗaki ko wanda bai samu isasshen ɗigo ba. Don toshe wannan kafa aka sabunta ɗigon iri na biyu yadda rikiɗarsa za ta yi wuya, Nijeriya ce ma ta fara amfani da shi a Maris 2021, aka kuma ƙara allurar Salk cikin riga-kafin jarirai na asibiti. Yawan maimaitawar kuwa, dalilinsa shi ne a wuraren da gudawa ta yi yawa ɗigo ɗaya ko biyu ba ya kama hanjin kowane yaro, kuma kullum ana haihuwar sababbi. Ƙarin ɗigo ba ya cutar da wanda ya riga ya samu. Saboda haka shawararmu ki buɗe ƙofar, ki kuma kai na goye asibiti a cika masa katinsa.

Malam na Funtuwa ya tambayi illoli, akwai guda da ba a san ta sosai ba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi cutar suna yara, bayan shekara 15 zuwa 40 sai sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi su taso musu. Ba cutar ce ta dawo ba, kuma ba sa harbin kowa, jijiyoyin da suka rage ne suka gaji da ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Irin waɗannan bayin Allah suna bukatar ganin likitan gashi da motsa gaɓoɓi, da takalmin ƙarfe ko keken da ya dace da su.

Daga ƙarshe, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, aka ga ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya ba tare da ya faɗi ko ya ji rauni ba, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kada a tsaya sai an gama na gida. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da farawar abin, a aika ɗakin bincike, a Nijeriya akwai na Ibadan da na Maiduguri, kuma ba a biyan ko kwabo.